Fitilun Surukina da Sabon Tauraro

Mutum yakan manta da wasu abubuwa tun bai tashi daga wurin ba, wasu kuwa ko an daka shi a turmi ba su fita. Wannan da zan ba ku yana cikin na biyun. Minti ashirin da biyu ne kacal, amma in dai ina da rai da hankalina, ba ranar da zan manta da su.

Ni malamin lakol ne, fizik nake koyarwa a lise, wato makarantar sakandare, a Gazawa. Ban da alli da allo ina da wata sana'a wadda ba ta taɓa ciyar da kowa ba, wato kallon taurari. Ina da madubin hangen nesa da wani malaminmu na jami'a ya bar mani da zai koma ƙasarsu, kaurinsa ya kai na turmi, da ƴar kamara da ake ɗaura mashi a gindi, da ordinatar, wato kwamfuta, mai karɓar hotunan. Da su nake auna hasken taurari, in ga wanda ya ƙaru da wanda ya ragu, in aika ma masu tara irin wannan awo a ƙasashen waje. Ban cika son a san da wannan aiki ba. A wurinmu in ka ce kana duban taurari, tambayar da ke biyo baya ita ce ko Laraba ta yi kyau a ɗaura aure. Wata tsohuwa ta taɓa zuwa har gida a kan akuyarta da ta ɓace. Tun daga nan na koyi kama bakina, har a gidan surukaina. Shekara takwas ina auren ɗiyarsu, iyakar abin da suka sani shi ne Malam yana da wani aiki da yake yi da na'ura.

Wata kaka, an gama yankan hatsi ana roron wake, sai ga saƙo daga wata da muka yi jami'a tare. Ni na tsaya a koyarwa, ita ta wuce gaba, tana can waje tana karatun dokta a kan taurari. Ta ce an gano wani sabon haske a sama, a wurin da kwana goma baya babu komai sai ɗigon da ba wanda ya damu da shi. Dare ɗaya ya kunno kai, ya yi ta ƙaruwa. Masana na zargin wani mataccen tauraro ne mai nauyin tsiya yake zuƙar iskar maƙwabcinsa, in abin da ya zuƙa ya taru ya yi zafi sai ya shiga walƙiya. Irin wannan yana fidda haske iri biyu. Akwai wanda ido ke gani, akwai kuma hasken X, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a likita. Shi na biyun ba ya ratso iskar duniya, sai tauraron ɗan'adam ke iya ganinsa daga can sama.

Abin da take so shi ne a kalle shi ta hanya biyun a lokaci ɗaya, daƙiƙa da daƙiƙa, a ga wane hasken ke riga wani motsi. Da haka ake gane inda wutar ke tashi. An ba ta tauraron ɗan'adam na minti ashirin da biyu, ranar Asabar, daga takwas saura minti goma na dare a agogonmu. Bayan wannan babu wani, domin sabon tauraron yana kusantar rana a sama, na'urar kuwa ba a juya ta wajen rana, kuma kafin ya sake fitowa ya riga ya dushe. Manyan madubai na kudancin Afirka hadari ya rufe su a makon. A Turai ya yi masu ƙasa ainun. A Amurka rana ce tsaka.

Ta ce, “Kai kaɗai ka rage. Ba don ka fi kowa ba ne fa, kada kanka ya kumbura. Inda Allah ya aje ka ne ya yi daidai.”

Kaina ya kumbura duk da haka. In awon ya samu, karatunta ya tsaya da ƙafafunsa, ni kuma sunana ya shiga takardar masana, karo na farko, mai yiwuwa kuma na ƙarshe.

Matsalar ita ce wuri. Daga tsakar gidana, gefen da tauraron yake nan ne tasha take, da fitilun masu shayi da na masu tsire, sama ta wajen nan fari fat take kwana. In ce zan shiga daji kuwa, ga mu kusa da iyaka, ga ni da abu mai kama da bakin igwa. Jandarma za su yi mani tambaya, amma sai bayan sun gama abin da za su yi. Sai na tuna da ƙauyen surukaina, tsakanin Gidan Sori da Cadakori. Babu lantarki, an san ni, kuma matata tana can da yara ta je ganin gida. Na kira ta.

“Ki gaya ma Baba ina tafe ranar Asabar. Ina da aiki da zan yi da dare a bayan gari.”

“In ce mashi wane irin aiki?”

“Ki ce aiki kawai.”

To, ku riƙe wannan, domin a nan na fara haƙa ma kaina rami, da hannuna, ba wanda ya aike ni.

Na shiga motar kasuwa zuwa Maraɗi, na sake wata, na ƙarasa a kan moto, wato babur, madubin na naɗe cikin bargo ina rungume da shi kamar mai kai marar lafiya likita. Da la'asar na isa. Na gai da mata, na tambayi Baba, aka ce ya fita da amalanke tun asuba, bai dawo ba. Har na ji daɗi a raina, na ce gaisuwa ta ragu. Na zaɓi masussuka da ke yamma da gari, ƙasa ce mai tauri, shimfiɗaɗɗa, an yanke gonakin da ke kewaye, ba abin da ya tare sama sai wasu itatuwan gawo can nesa. Kafa madubin nan ba abin wasa ba ne. Sai ka saita shi da tauraron arewa, ka gyara, ka sake gyarawa, ya fi rabin awa, kuma in ya zauna ko tuntuɓe aka yi da ƙafarsa sai an koma farko. A nan na yi magariba, a nan na yi isha'i.

Bakwai da rabi na same shi. Ɗan ɗigo ne a fuskar ordinatar, tsakanin ɗaruruwan ɗigo, amma shi ba ya zaune lafiya, yana ƙaruwa yana raguwa ina kallo. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Duhu kuwa irin wanda ban taɓa samu ba, ko tafin hannuna ba na gani. Na ɗauki hotunan gwaji suka fito tas. Na ce yau kam Allah ya yi.

Sai na ji kukan amalanke.

Shanu biyu ne, da maza kamar takwas da tocila, liman na cikinsu. A gaba ga surukina da sandarsa, tsoho ɗan saba'in da wani abu, rawaninsa duk ƙasar hanya. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Gazawa, ya tambayi ɗalibai. Sannan ya gyara murya.

“Malam, an ce mani aikin dare ya kawo ka. Ka san garin ga namu babu wuta. Ni kuwa ban yarda a ce surukina ya zo gidana ya yi aiki cikin duhu kamar ɓarawo ba.”

Ashe da matata ta isar da saƙo, sai tsohon nan ya tashi tun asuba. Ya bar wakensa a gona, ya ɗaure shanu, ya tafi har Cadakori wurin wani mai injin wuta, gurup ɗin da ake kunnawa a biki da maulidi, ya roƙo aronsa da manyan fitilu biyu. Yini guda ya yi a kan amalanke.

Na saci kallon agogo. Takwas saura ashirin. Ina da minti goma, kuma jimla ɗaya ta ishe ni: Baba, aikin nan duhu yake so. Yanzu da nake rubuta ta ina ganin ko ɗan aji ɗaya zai iya faɗinta. Amma shekara takwas ban taɓa haɗa ido da mutumin nan ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, kalmar a'a kuwa ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Ga liman, ga dattawan gari, kowa na murmushi yana jiran ya ga farin cikina. In ce mashi ya mai da kayansa? In ce wahalar yini guda ta banza ce? Kuma in na faɗa za a tambaye ni wane irin aiki ne ke son duhu, in ce taurari, a kalli juna. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Allah ya saka da alheri, Baba.”

“Amin,” in ji su gaba ɗaya.

Ba a ɓata lokaci ba, mutanen karkara ba su da lalaci. Aka haƙa rami biyu, aka kafa itace, aka ɗaura fitilu, ɗaya dama da ni ɗaya hagu. Na yi addu'a a raina Allah ya sa injin ya ƙi tashi, tunda dai an san halin gurup. Ja na uku ya tashi. Ban taɓa ganin gurup mai lafiya irin wannan ba, kafinsa ko bayansa. Masussuka ta koma rana tsaka, ana iya tsintar allura. Fuskar ordinatar ta yi fari fat. Ƙasa na rawa, hayaƙi na bi ta bakin madubi, ƙwarin da ke cikin yankin kaf suka zo taro.

Takwas saura goma ta cika. Can sama tauraron ɗan'adam ya juya ya fara kallo. Ni ma na danna, don ban san abin da zan yi ba in ban danna ba.

Ba wai na zauna hannu rabbana ba ne. Na tuɓe rigata na ɗaga ta a gefen madubin ko za ta tare hasken. Wani dattijo ya gani ya ce, “Kai, ku duba, haske bai kai mashi can ba. Ku matso da waccan.” Aka tuge itacen aka matso da ita. Na yi godiya. Na ce to bari in kira matata, ita ɗiyarsa ce, ita ke iya faɗa mashi a kunne. Na kira. Sai na ji wayarta na kuka nan kusa da ni. Ashe da labarin gurup ya shiga gari, an tattaro wayoyin gari kaf cikin babban kwano an kawo caji, har da tata. Wani bawan Allah ya tono ta daga cikin kwanon, ya kawo mani da hannu biyu, ya ce, “Malam, ga ta. Kai ke kira.”

Surukina an shimfiɗa mashi tabarma can gefe, ya zauna ya ɗan ba ni baya kamar yadda ya kamata, don kada in takura. Duk wanda ya yi tari sai ya ɗaga sanda: “Ku yi shiru, Malam na aiki.” Ni kuwa ina zaune tsakiyar fili ba riga, ina danne-danne, ina gyaɗa kai kamar mai ganin wani abu.

Minti goma sha ɗaya suka wuce, sai ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

“Malam, haske ya isa, ko a ƙaro?”

Wannan ita ce ba na yafe ma kaina. Ta farko ina iya cewa ba-zata ce. Amma ga shi da bakinsa ya buɗe mani ƙofa, saura rabin lokaci, kuma rabin ma ya isa a yi aiki da shi. Zuciyata na cewa faɗa, faɗa, ɗan banza. Na ce, “Ya isa, Baba.”

Takwas da minti goma sha biyu na rufe. Na samu hotuna ɗari shida da wani abu, duk farare, kamar na ɗauki hoton nono a ƙwarya.

“An gama?”

“An gama, Baba.”

“Aiki ya yi kyau?”

“Ya yi kyau.”

“Alhamdu lillahi,” in ji shi, da murya irin ta wanda ya sauke nauyi.

Ba a kashe injin ba sai da wayoyi suka cika, mai ya ƙare ya mutu don kansa. Duhu ya dawo, taurari suka zubo har ƙasa. Liman ya ɗaga kai ya ce, “Kai, yau sama ta yi tas.” Na ce ƙwarai kuwa. A lokacin nawa tauraron ya riga ya faɗa bayan gawo.

Da safe na hau tudu inda ake samun rezon intanet, na rubuta ma abokiyar karatuna cewa hadari ne ya taso. Ba a yi minti biyu ba ta aiko mani da hoton sararin ƙasarmu na daren jiya, ko ƙyallen gajimare babu tun daga Dosso har Damagaram. Na manta da wa nake magana. Dole na faɗa mata gaskiya tun daga amalanke har kwanon wayoyi. Sannan ta ce cikin mintocin nan hasken X ya yi tsalle har sau uku, abin da suke ta jira ke nan tun da aka gano shi, kuma duk faɗin duniya ba wanda ya ɗauki na ido. Ta ƙare da cewa, “Ka gai da Baba.” Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Matata na ganin fuskata ta san akwai magana. Da na gama ba ta labari ta riƙe haɓa.

“Kai da bakinka? Kai da ke yini kana surutu gaban yara sittin?”

“Kin san Baba ne.”

“Na san shi mana, ubana ne. Kai ne ba ka san shi ba.”

Na roƙe ta don Allah ta bar maganar nan ta mutu. Ko waiwaye ba ta yi ba, ta nufi zaure.

Ba a jima ba aka ce Baba na kira. Na same shi shi kaɗai a gindin rumbu, ga gurup da fitilu an aje gefe za a mayar. Na durƙusa. Bai tambayi kwana ba, bai tambayi gajiya ba.

“Malam, ɗiyata ta hwaɗa mani. Duhu ka zo biɗa?”

“E, Baba.”

“Duhu!” in ji shi. “Abin da munka hi kowa ke nan. Da ka hwaɗa, ko murhu ba a hurawa garin ga sai ka gama. Ni da kaina zan bi gida-gida. Ka zo biɗar abin da muke da shi, ni kuwa na tahi aron abin da ba mu da shi.”

Na ƙara sunkuyar da kai.

“Na tambaye ka, Malam. Gaban mutane na tambaye ka.”

Na ce, “Kunya ce, Baba.”

“Kunya ita ce kada ka ci tuwo gabana, wagga na yarda. Amma wanga abu ba kunya ba ne. Ka dube ni ka ce tsoho ne, manomi, ko an hwaɗa mashi ba ya ganewa. Tun ba a haihe ka ba nike duban Kaza da ƴaƴanta a sama in san damina ta kusa. Tauraro ne ban sani ba?”

Na so in ce ba haka ba ne. Na duba cikin raina na ga haka ne.

“Shina nan har yanzu, tauraron?”

“Yana nan, Baba. Amma waccan na'urar ta sama ba ta sake kallonsa.”

“Ya wuce ke nan.”

“Ya wuce.”

Ya dubi injin nan. Da ya sake magana muryarsa na rawa, abin da ban taɓa ji ba. “Na ɓata maka aiki da hannuna. Ina zaune ina jin daɗi, ina hana mutane tari. Kuma ka bar ni.”

Ranar ce na fara ɗaga kai na dubi fuskarsa. Ba fushi na gani ba, da ma fushin ne. Baƙin ciki ne na mutumin da aka bari ya cuci wanda yake so. Na ji kunya ta gaske a lokacin, irin wadda ke sa mutum ya so ƙasa ta tsage.

Muka ɗora gurup a amalanke ni da shi. Na juya zan koma, ya ce, “Hau. Hanya da nisa. Ka hwaɗa mani shi tun daga hwarko.” Har muka kai Cadakori ina bayani yana tambaya, kuma tambayoyinsa sun fi na ƴan ajin ƙarshe da nake koyarwa. Ya so ya san yadda mataccen abu ke cin mai rai, da abin da ya sa wani haske ke riga wani in dai wuta ɗaya ce.

Tauraron ya dushe kafin ƙarshen shekara, bai sake tashi ba har yau. Abokiyar karatuna ta gama, amma sai da ta ƙara shekara a kan wani tauraron dabam. Takardar ta fito da layi ɗaya mai cewa ba a samu awon hasken ido ba a wannan dare. Sunana ba ya ciki, kuma daidai ne.

Abin da na koya ba a kan taurari yake ba. Na daɗe ina kiran shiruna ladabi, ashe rabinsa raini ne, na yanke ma mutum hukuncin ba zai gane ba tun ban gwada shi ba. Wanda ke son ka zai yi maka alheri ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba. In ka ɓoye mashi abin da kake bukata, ka sa shi ya cuce ka da hannunsa ke nan, sannan ka bar shi da ciwon. Tun daga ranar, in babba ya tambaye ni ko abu ya isa, nakan durƙusa, in sunkuyar da kai, in faɗa mashi gaskiya.